Yadda Birki Ke Shafar Shok ɗin Baya a Keken Hawan Dutse, da Yadda Za Ka Auna Ka Daidaita

Duk wanda ya saba gangarowa daga tudu a kan keke mai shok gaba da baya ya san wani sauyi da ke zuwa cikin ƙiftawar ido. Muddin yatsa bai taɓa birki ba, tayar baya tana lafe da ƙasa, tana haɗiye duwatsu da saiwoyi ba tare da mahayi ya ji su sosai a ƙafa ba. Da zarar an damƙi birki a wuri mai gargada, sai bayan keken ya yi tauri, taya ta fara tsalle tana karce ƙasa, sirdi kuma ya taso kamar zai tunkuɗa mutum gaba. Mahaya da yawa sukan ce birki ne ya kulle shok, wasu kuma su yanke hukunci nan take cewa ƙirar keken ce ba ta da kyau, har su fara neman wani. Kafin a kai ga kashe wannan kuɗi, ya kamata a fahimci cewa ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a bayan keke duk lokacin da aka kama birki, kuma wanda ya san wanne ne ya fi rinjaye a kekensa zai iya gyara mafi yawan matsalar da famfon shok, da waya mai ɗaukar hoto, da kuma yatsansa.

Ƙarfi biyu masu ja-in-ja

Na farko shi ne komawar nauyi gaba. Mai babur ya san wannan sarai, domin idan ya damƙi birkin gaba kan babur yakan duƙa, baya ya yi sakayau. Dalili kuwa shi ne tayoyi suna rage gudu a can ƙasa inda suke taɓa hanya, alhali nauyin mahayi yana sama, yana son ya ci gaba da tafiya. Ana iya lissafa yawan wannan nauyi. A ce mahayi da kekensa sun kai kilo 90, cibiyar nauyinsu tana mita 1.1 daga ƙasa idan yana tsaye a kan feda, tazarar da ke tsakanin aksil ɗin gaba da na baya milimita 1250 ce, kuma daga aksil ɗin feda zuwa na tayar baya milimita 440. A shimfiɗaɗɗen fili tayar baya tana ɗauke da kusan kashi 65 cikin 100 na nauyin, wato kilo 58. Idan ya kama birki da ƙarfin da zai tsayar da keke mai gudun kilomita 36 a awa cikin kimanin mita 10, wanda ya yi daidai da rabin ƙarfin jan ƙasa, to a ninka 90 da rabi, a ninka da 1.1, a raba da 1.25, za a samu kusan kilo 40. Wannan shi ne abin da ya bar baya ya koma gaba, abin da ya rage wa tayar baya kuwa bai cika kilo 19 ba. A gangara abin ya fi haka tsanani, tunda dama nauyi ya riga ya karkata gaba tun kafin a taɓa birki. Shok da aka sauke wa kaya dole ne ya miƙe, shi ya sa baya ke tasowa, kuma babu wata ƙira a duniya da za ta hana nauyin komawa gaba.

Na biyu shi ne ƙarfin da birkin baya ke turawa cikin firam ɗin keke. Lokacin da madamƙin birki ya cafke faifai, faifan yana ƙoƙarin jan madamƙin zuwa inda taya ke juyawa, shi kuma madamƙin yana ɗaure da noti a jikin wani ƙarfe na bayan keke, don haka wannan ƙarfe ne ke karɓar murɗar. Ka tsaya a gefen sarƙa ka dubi keken: taya tana juyawa kamar hannun agogo, majuyin hannun baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayar baya yana lilo a jikin firam, yana damanka, aksil yana hagunka. Idan aka murɗa hannun baya kamar hannun agogo, ɓangaren aksil ne zai yi sama dangane da firam, ma'ana shok zai matsu, sirdi ya sauka. Ashe a yawancin kekuna birkin baya ƙasa yake jan keken, yana rage tasowar da komawar nauyi ta haifar.

Masu ƙera kekuna suna auna wannan ƙarfi na biyu da wani adadi da suke kira antirayis, wato hana tashi, kuma da kashi cikin 100 ake faɗarsa. Idan hana tashi ya kai 100, to yayin da aka kama birkin baya shi kaɗai, ja ƙasa da tasowa sun yi kunnen doki, bayan keke ya tsaya a tsayinsa. Idan yana ƙasa da 100, baya zai taso. Idan ya haura 100, baya zai ƙara lotsawa. Akwai wani abu da ake yawan mantawa a nan, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci a duk lissafin: adadin yana aiki ne kawai a kan rabon da birkin baya ya ɗauka. Idan birkin gaba ne ke yin kashi biyu cikin uku na tsayar da keke, kamar yadda yakan faru a tsayawa mai ƙarfi, to ko keke mai hana tashi 100 zai soke kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tasowar baya. Sauran yana nan, kuma fok, wato shok ɗin gaba, da jikin mahayi ne za su ji da shi.

Gano irin kekenka

Abu na farko da za ka duba shi ne ƙarfen da aka ɗaure madamƙin birki a jikinsa, da yadda wannan ƙarfe ya haɗu da firam. Idan sandar ƙasa ta taso daga babban majuyi kusa da feda ta miƙe har aksil ɗin baya babu wani majuyi a tsakani, kuma madamƙin yana jikinta, to kekenka mai majuyi ɗaya ne, ko da akwai wasu ƙarafa a sama masu tura shok. Kekunan kamfanin Orange da ake ƙerawa a Halifax ta Ingila sun shahara da wannan ƙira, haka nan mafi yawan kekuna masu araha masu sifirin a baya da ake samu a kasuwa. Irin wannan keke yakan zo da hana tashi mai yawa, sau da yawa kusa da 100.

Idan kuwa ka ga ƙaramin majuyi a jikin sandar ƙasa, gaba kaɗan da aksil kuma ƙasa da shi, aksil da madamƙi suna jikin sandar sama, to wannan ita ce ƙirar da ake jingina wa Horst Leitner, injiniya ɗan asalin Ostiriya da ya zauna a Kalifoniya, wanda ya fito da ita a farkon shekarun 1990 a kamfaninsa AMP Research bayan dogon aiki a kan babura. Kamfanin Specialized ya gina tsarinsa na FSR a kanta, kuma tun da wa'adin haƙƙin mallakarta ya ƙare kamfanoni irin su Canyon da YT da Transition suke amfani da ita a ko'ina. Manufar ƙirar tun asali ita ce a rage yadda ƙarfen da ke ɗauke da birki yake juyawa yayin da taya ke hawa da sauka, don haka hana tashinta yakan yi ƙasa. Kamfanin Trek ya bi wata hanya kusa da wannan a 2007 da tsarin ABP, inda majuyin ya zagaye aksil ɗin kansa, haka ma tsarin Split Pivot na Dave Weagle. Sai kuma kekunan da bayansu ƙarfe ɗaya ne mai kusurwa uku, wanda gajerun mahaɗai biyu suka rataye a jikin firam, kamar VPP na Santa Cruz, da DW-link na Ibis da Pivot, da Maestro na Giant. Waɗannan ba a yi musu kuɗin goro, domin ɗan sauyi a tsawon mahaɗi ko karkatarsa yana canza adadin sosai, kuma adadin yana sauyawa yayin da shok ke shiga.

Auna hana tashi da hoto

Sunan ƙira ba ya wadatarwa, kuma awon ba shi da wahala. Ka sa wani ya ɗauke ka hoto daga gefe, kana tsaye a kan feda yadda kake gangarowa, ka jingina da bango da gwiwar hannu don kada ka faɗi. Mai ɗaukar hoton ya ja baya kamar mita biyar ko shida, ya durƙusa har waya ta zo daidai da tsayin aksil, domin hoton kusa yana karkatar da layuka. Dalilin hawa keken shi ne a auna shi a inda shok yake zama da nauyinka, tunda a nan ne birki ke samunsa.

A kan hoton, ka fara nemo wurin da ƙarfe mai ɗauke da madamƙi yake juyawa a kansa. A keke mai majuyi ɗaya, babban majuyin ne kai tsaye. A ƙirar Horst, ka ja layi ta cikin majuyai biyu na sandar ƙasa, ka ja wani ta cikin majuyai biyu na ƙarfen lilo da ke sama, wato wanda ke jikin firam da wanda ya haɗu da sandar sama, ka tsawaita su gaba har su gamu. Inda suka gamu shi ne majuyin da ba a gani da ido, kuma yakan faɗo can gaba da feda, wani lokaci kusa da tayar gaba. A ABP da Split Pivot haka za ka yi, sai dai layin ƙasa zai bi ta babban majuyi da tsakiyar aksil. A kekuna masu gajerun mahaɗai biyu, kowane mahaɗi ka ja layi ta majuyansa biyu, ka nemi inda layukan suka haɗu.

Daga nan sai ka ja layi daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa, ya ratsa ta wannan majuyi, ya ci gaba har ya tsallaka layin da ya tashi tsaye daga inda tayar gaba ta taɓa ƙasa. Ka auna tsayin wurin da suka gamu daga ƙasa, ka raba shi da tsayin cibiyar nauyi, wadda za ka iya ƙiyasta ta kusa da ƙugunka, ƙasa da cibiya kaɗan, tunda nauyin keke yana jan ta ƙasa. A ce majuyi yana milimita 400 daga ƙasa, kuma milimita 460 gaba da inda tayar baya ta taɓa ƙasa. A keke mai tazarar 1250 layin zai isa gaba a tsayin kusan 1087, idan aka raba da 1100 an samu kusan 99 cikin 100. Idan kuma majuyin da ba a gani yana tsayin 450 amma ya yi nisa har 900 gaba, layin zai isa a tsayin 625, wato kashi 57 kacal. Kada ka damu da bambancin kashi biyar ko goma, domin ƙiyasin cibiyar nauyi kaɗai zai iya kawo shi, kuma saboda wannan dalili ne bai dace a kwatanta adadin da kamfani ɗaya ya wallafa da na wani kamfani ba sai an san tsayin da kowanne ya yi lissafi da shi. Abin da kake nema shi ne ka san ko kekenka yana wajen 50, ko wajen 100, ko ya wuce.

Wannan zane yana kuma warware wata jita-jita da ta yaɗu. Girman faifan birki bai shiga lissafin ba ko kaɗan, haka nan ko madamƙi yana sama da aksil ko gaba da shi, matuƙar yana jikin ƙarfe ɗaya. Canza faifai daga milimita 180 zuwa 203 yana ƙara ƙarfin da yatsa ke samu da juriyar zafi, amma hana tashi yana nan yadda yake.

Abin da kowane ɓangare ke bayarwa da abin da yake karɓewa

Keke mai hana tashi kaɗan yana barin shok ya miƙe lokacin birki, ya koma farkon tafiyarsa inda ya fi taushi, kuma tayar tana iya hawa dutse ba tare da ta yi kokawa da birki ba. A wuri mai gargada wannan yana da daɗi a ƙafa, taya kuma tana daɗewa a ƙasa. Kuɗin da ake biya shi ne duƙawar keke gaba. Idan fok mai tafiyar milimita 160, wato iyakar shigarsa, ya nutse da milimita 80, a keke mai tazarar 1250, karkatar fok tana miƙewa da fiye da digiri 3. Idan baya mai tafiyar 150 ya saki milimita 45 da yake zaune a kai, an ƙara wasu digiri 2. Keken da karkatarsa take digiri 64 idan mahayi yana kansa ya koma kusan 69 a daidai lokacin da ake shiga gangara mai tsauri, sai kan keke ya yi rawa, mahayi ya ji kamar zai kifa.

Keke mai hana tashi da yawa yana rage wannan duƙawa, yana riƙe siffarsa, mahayi ya zauna a tsakiya da ƙarfin zuciya. Amma yana riƙe shok can ciki inda sifirin ko iska ta fi tauri, kuma akwai wani abu na biyu da ya fi wannan damun ƙafa. Idan birki ya cafke taya, taya da hannun baya sun zama abu ɗaya, don haka duk lokacin da hannun ya juya sama ko ƙasa dole tayar ta ɗan juya tare da shi, ƙasa kuwa tana hana ta. Za ka iya jin wannan a tsakar gida: ka tsaya gefen keke ka danna sirdi ba birki, sannan ka kama birkin baya ka sake dannawa ka lura da yadda keken ke ɗan gusawa, sannan ka kama birki biyu ka danna ka ji yadda ya ƙara tauri. Wannan taurin ne mutane ke kira kullewar shok.

Ban yarda da masu cewa ɗaya daga cikin biyun ne daidai ba. A shekarun 2000 kekunan tseren gangara da dama, ciki har da na Kona, sun zo da madamƙi mai yawo, wanda aka ɗora a kan wani faranti da ke juyawa a kan aksil, aka riƙe shi da doguwar sanda zuwa firam, domin a raba birki da hannun baya. Ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa, amma ya ƙara nauyi da boris masu lalacewa da ƙara, kuma a hankali ya ragu a kasuwa. Daga baya sai ga kekuna masu majuyi can sama, waɗanda hana tashinsu yakan haura 100, suna cin manyan tsere. Amaury Pierron na Faransa ya lashe kofin duniya na tseren gangara na 2018 a kan Commencal Supreme mai irin wannan ƙira. Wanda hanyoyinsa masu tsananin gangara ne yakan amfana da riƙe siffa, wanda kuma hanyoyinsa ba su da gangara sosai amma cike suke da duwatsu ƙanana yakan fi jin daɗin shok mai sakin jiki.

Gwaji a fili, sannan saiti

Ka nemi gangara mai sauƙi da ka sani, mai tsawon kamar mita 30, rabinta sumul rabinta gargada, ka sa hular kwano, ka sa abokinka ya ɗauki bidiyo daga gefe da tsarin da ke rage saurin motsi. Ka sauko sau uku da gudu iri ɗaya: da birkin baya kaɗai, da na gaba kaɗai a hankali, sannan da duka biyun. Kafin kowace saukowa ka mayar da zoben roba na shok da na fok, masu nuna iyakar inda suka shiga, zuwa farko. A bidiyon ka kalli tazarar da ke tsakanin sirdi da tayar baya, da kuma yadda fok ke nutsewa. Mutane da yawa a nan suke ganewa da idonsu cewa abin da suke kira tasowar baya nutsewar gaba ce.

Saiti yana farawa da lotsawar zama, wato yadda shok ke shiga da nauyinka kawai. Ka fara tabbatar da cewa makunnin kulle shok na hawan tudu a buɗe yake, domin ana yawan mantawa da shi a rufe. Ka hau da duk kayan da kake hawa da su, ka girgiza keken kaɗan, ka tsaya cak, ka tura zoben roba ya taɓa bakin shok, ka sauka a hankali ka auna. Ana neman kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon shigar shok; a shok mai shigar milimita 60, kashi 30 shi ne milimita 18. Idan kana ƙara iska, ka riƙa danna shok ɗin sau da dama a tsakani domin iskar ɗakunansa biyu ta daidaita, in ba haka ba awon zai ruɗe ka. A keke mai hana tashi da yawa na fi son a tsaya kusa da 27 ko 28, domin wanda ya sassauta iska har 35 yana neman taushi yakan samu akasin haka: birki ya ja shi can ciki inda iska ta takure. Idan a cikin shok an cusa robobin rage fili da yawa, cire ɗaya yana iya sassauta wannan wuri. A keke mai hana tashi kaɗan kuwa, kashi 30 yana taimakawa, tunda yana ba taya isasshen wurin miƙewa ta bi ƙasa idan nauyi ya bar ta.

Sai saurin dawowa, wanda a yawancin shok ake murɗa shi da jan maɓalli. Wannan ya fi kowane saiti tasiri a kan gargadar da ke taruwa kafin kwana, inda mahaya da yawa suka kama birki a wuri ɗaya har ƙasa ta yi kunya-kunya. Idan dawowa ta yi jinkiri, shok ba ya gama miƙewa kafin dutse na gaba ya zo, sai ya riƙa shigewa ciki kaɗan-kaɗan har ya yi tauri kamar katako, kuma idan nauyi ya koma gaba tayar ba ta saurin sauka ta kama ƙasa. Idan ta yi sauri fiye da kima, baya zai riƙa harbinka. Ka sauko daga gefen titi mai tsayin taƙi ɗaya kana zaune a sirdi: shok ya shiga, ya dawo, ya ɗan wuce kaɗan, ya tsaya. Idan ya yi lilo sau biyu ko uku ka rage sauri, idan ya dawo a kasale ka ƙara. Ka riƙa canzawa da ƙyas biyu kawai a lokaci guda, kana rubuta abin da ka yi, kana komawa gangarar gwaji.

Bayan haka ka koma gaba, domin rabin maganin baya yana jikin fok. Lotsawar zama ta kashi 15 zuwa 20 ta dace da yawancin fok. Idan bidiyo ya nuna yana cinye fiye da rabin tafiyarsa a birki na yau da kullum a wuri sumul, ka ƙara iska kaɗan ko ka ƙara ƙyas biyu a maɓallin matsuwa mai jinkiri, wanda aikinsa ke nan: tare nutsewar da nauyin jiki ke kawowa, ba tare da ya hana fok haɗiye dutse ba. Ɗaga kan keke da zobe ɗaya na milimita 5 ko 10 shi ma yana rage jin kifewa. Taya kuma ita ce shok na farko; wadda aka cika da iska har ta yi ƙarau za ta yi tsalle komai kyawun ƙira. Ga babban mutum mai matsakaicin nauyi a kan taya marar tub mai faɗin inci 2.4, ana yawan farawa tsakanin PSI 22 da 28 a ma'aunin iskar taya, baya ya ɗara gaba kaɗan.

Yatsa da ƙafa

Da alkaluman misalinmu na farko, a busasshiyar ƙasa mai kyakkyawan riƙo, birkin baya shi kaɗai da ƙyar yake kai kashi uku cikin goma na ƙarfin jan ƙasa kafin taya ta fara zamewa, domin ƙara matsa shi yana ƙara sauke mata nauyin da take riƙe ƙasa da shi. Keken da birki biyu suka tsayar cikin mita 10 zai buƙaci wajen mita 18. Mai tsoron birkin gaba, wanda ke jan na baya tun daga saman tudu har ƙasa, yana riƙe shok ɗinsa cikin tauri duk tsawon hanya, yana zafafa faifai, yana kuma farfasa hanyar da wasu za su bi. Hanyar da ta fi ita ce ka ɗaga ido ka zaɓi wurin birki tun daga nesa: ka kama da ƙarfi da hannu biyu a inda ƙasa take sumul kuma keke yake miƙe, ka saki ko ka sassauta sosai kafin ka shiga duwatsu ko saiwoyi, ka bar shok ya yi aikinsa, ka sake kamawa a sumul na gaba. Idan gargadar kafin kwana ta yi zurfi, sau da yawa akwai ɗan siririn layi mai kyau a gefenta, ko kuma ka gama rage gudu kafin ka iso ta.

Ka matsar da libar birki ciki a kan hannun keke har yatsan manuni kaɗai ya faɗa a ƙarshenta, domin yatsa ɗaya ya fi iya auna matsi, sauran kuma su riƙe keke. Lokacin da za ka kama birki, ka sauke dunduniya biyu, ka rage tsayi ta lanƙwasa gwiwa, ka ɗan ja ƙugu baya daidai ƙarfin birkin, ta yadda turin jikinka zai bi ta feda ya shiga ƙasa maimakon ya taru a tafin hannu. Lissafin farko ya nuna amfanin wannan, tunda tsayin cibiyar nauyi yana cikin abin da ake ninkawa: saukar da ita daga mita 1.1 zuwa 0.95 yana rage nauyin da ke barin baya daga kilo 40 zuwa 34. Sai dai kada ka rataye can bayan sirdi da hannu a miƙe, domin tayar gaba za ta rasa nauyin da take buƙata don juyawa.

Akwai wani bugu a ƙafa da ake ɗora wa birki alhali sarƙa ce ke kawo shi. A yawancin kekuna, idan shok ya shiga, aksil ɗin baya yana nisantar feda, sarƙa ta sama ta miƙe. Idan taya tana gudu, giyar baya tana iya ɗan juyawa gaba ta saki sarƙar ba tare da an ji komai ba, amma idan birki ya kulle taya ko ya kusa kulle ta, babu wannan sassauci, sai sarƙa ta fizgi feda baya. Masu bin tseren gangara suna tuna yadda Aaron Gwin ya ci tseren Leogang a Ostiriya a 2015 bayan sarƙarsa ta tsinke tun a farkon tashi, abin da ya ƙara jawo hankali ga wannan batu, kuma daga baya aka fito da na'urori irin su O-Chain masu ba sarƙa ɗan wasa. Kafin ka sayi irinsu, ka gwada sa giya mai nauyi, wato ƙaramin haƙori a baya, kafin ka fara gangara, domin fizgar ta fi yawa a manyan haƙora, sannan ka guji kulle taya.

Idan duk ka yi waɗannan amma baya yana ci gaba da karkarwa ko ƙara a lokacin birki, to ka duba lafiyar ƙarafa. Ka ɗaga keken ta sirdi a hankali ka ji ko akwai ƙwas kafin taya ta bar ƙasa, alamar bushin ɗin shok ya cinye. Ka riƙe tayar baya ka girgiza ta hagu da dama, yatsanka ɗaya yana kan kowane majuyi bi da bi. Ka fitar da iskar shok gaba ɗaya, ka kwance notinsa ɗaya, ka ɗaga bayan keke ka sauke da hannu. Ya kamata ya tafi sumul daga farko zuwa ƙarshe, idan kuwa yana cije-cije to boris sun sha ƙura ko ruwa, kuma murɗar birki tana ƙara matse boris da suka riga suka lalace. Faifai da ya lanƙwashe, ko takalman birki da mai ya taɓa, suna kamawa suna saki da kansu, sai a ji kamar shok ne ke tsalle. Ka wanke faifai da sifirit, ka canza takalman idan mai ya shige su, ka ɗaure notin madamƙi da na majuyai daidai ƙarfin da kamfani ya rubuta a jikinsu ko a takardar keken, sannan ka zaunar da sababbin takalma ta hanyar rage gudu sau ashirin a fili ba tare da ka tsaya cak ba, kafin ka koma gangarar gwaji ka sake ɗaukar bidiyo.